Yadda ake zana taswirar lungunan da ido ba ya gani a kacici-kacicin ƙarfe

Wata uku abin nan ya yi yana yawo hannu zuwa hannu a fadarmu da ke unguwar Zariya, babu wanda ya buɗe shi. Ƙanena ne ya zo da shi tsaraba daga Turai: dunƙulen ƙarfe shuɗi mai nauyi, da wata sanda da ta ratsa tsakiyarsa. Ana so a zare sandar, shi ke nan. Duk wanda ya karɓa sai ya murɗa, ya ja, ya tura, can ya ji "ƙas", ya tsinci kansa inda ya faro. Kafin a sauke shayi na uku an miƙa wa na kusa.

Da na gaji, na kai wa wani dattijo mai yankan makulli a bakin babbar kasuwa. Na ce, "Baba, ka taɓa ganin irin wannan kwaɗon?" Ya juya shi, ya kara a kunne, ya murɗa a hankali kamar mai lallashin jariri, sannan ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, wannan ba kwaɗo ba ne. Gari ne aka kashe wa fitila, kai kuma kana ta yawo cikinsa ba ka ajiye ko tsakuwa ɗaya a inda ka wuce ba." Ran nan na sayi kaye, wato littafin rubutu, da fensir. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda ake ajiye tsakuwar.

Ka fara sanin irin abin da ke hannunka

Wanda ƙanena ya kawo sunansa Revomaze. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Chris Pitt ne ya ƙirƙiro shi, kuma launinsa ne ke nuna wuyarsa: shuɗi na cikin masu sauƙi, kore ya ɗara shi, mai ruwan tagulla da mai ruwan azurfa kuwa sai wanda ya shirya. Ƙirarsa kamar wuƙa ce da kubenta. An sassaƙa lunguna a jikin sandar, a cikin kuben kuma akwai ƴar ƙusa da sifirin ke dannawa a kan sandar. Kana murɗawa ko kana ja, ƙusar na bin lungun. Ba ka ganin komai, tunda kuben ya rufe.

Akwai iri na biyu, akwati rufaffe da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki, irin Inside3 da ake yi a Faransa, inda lungunan suke hawa-hawa kamar bene, kana karkata akwatin ƙwallon na gangarawa. Na uku shi ne akwatunan katako masu aljihu ko murfin da ba ya zarewa sai ƙusarsa ta bi wata ɓoyayyar hanya. Zan fi daɗewa a kan mai sanda da kube, don wanda ya iya shi ya iya na katakon. Mai ƙwallo zan taɓa shi daga baya.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma ban da guda ɗaya duk ana samun su a teburin mai kayan lakwal. Kaye mai ƙananan gidaje na milimita 5. Ka kula, kada a ba ka irin wanda muka yi rubutu da shi muna yara, mai layin tsaye kowane milimita 8 da na kwance kowane milimita 2. Wannan zai karkata maka zane. Fensir, abin gogewa, bik baƙi da ja, ƙaramin ma'aunin layi, salatif ɗin takarda wanda ba ya barin danƙo, da ɗan guntun waya mai ƙwari, ko silin ƙafar keke.

Guda ɗayan shi ne ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, wanda masu gareji da masu sassaƙa ƙarfe ke kira da sunansa na Faransanci, piye-a-kulis. Dabarar ƙananan zanukan da ke jikinsa ta Pierre Vernier ce, tun 1631, kuma tana ba ka kashi ɗaya cikin goma na milimita, wani ma ya fi haka. Ba bakinsa muke so ba, ɗan siririn tsinken da ke fitowa ta gindinsa muke so, na auna zurfi. Na roba mai araha ya isa, har ma na fi son sa don ba ya karce jikin kube. In babu, aro a wajen bakanike, ko ka yi da ma'aunin layi. Rabin milimita ya wadatar a mafi yawan wurare.

Kafa sifili

Kowane wuri da ƙusa za ta tsaya a cikin duhun nan lamba biyu ne ke bayyana shi: nawa ka murɗa, nawa ka ja. Mu mutanen Maradi bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Tun da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tayar da gari daga kwari aka hau tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu suna gitta juna, kwatancenmu ya zama "layi na kaza, gida na kaza". Ba irin lungunan Birnin Damagaram ko na cikin ganuwar Kano ba, inda sai da ɗan gari. Aikinmu a nan shi ne mu ɗora layukan Maradi a kan lungunan Birni.

Don murɗawa, yanko siririyar takarda ka naɗa a bakin kube, ka yanke daidai inda kanta ya haɗu da gindinta. Cire ta, ninka biyu, sake ninkawa, har ta zama kashi 16. Kowane kashi ka raba shi huɗu da ma'aunin layi, ka sami 64. Rubuta lambobi daga 0 zuwa 63, ka mayar da ita jikin kube ka liƙe da kyau. Wasu na dagewa sai sun raba digiri 360. Ni ban ga amfanin wahalar ba. Ninki ba ya ƙarya, lissafin digiri kuwa a kan takardar da tsawonta ya zo da ɓurɓushin lamba yana jawo kuskure. Ga dalilin da ya sa 64 ta yi daidai: a ce kaurin sandarka milimita 20 ne, kewayenta 20 sau 3,14, wato milimita 62,8. Ka ga kenan kowane zane ɗaya a takardarka kusan milimita ɗaya ne a jikin sanda. Auna taka sandar ka yi naka lissafin.

Sai manuni. Lanƙwasa wayar kamar ƙugiya, ka ɗaure gindinta a kan sanda, tsininta ya kwanto bisa takardar lambobi ba tare da ya taɓa ba. Ta zama mai ɗan tsawo, don ko ka ja sanda waje tsinin bai bar kan lambobi ba. Mayar da sanda mafarinta, inda take tun fil'azal, ka daidaita tsinin a kan 0.

Don ja kuwa, ka zaɓi gefe ɗaya na kube, ka sa masa alama da salatif, kuma daga fuskar wannan gefen kaɗai za ka riƙa auna yawan sandar da ta fito. Abin da ka samu a mafari shi ne sifilinka. Ka kuma ɗiga alama a saman kube ka rubuta "sama". Yanzu ba ka ga amfaninta ba, za ka gani.

Takardar taswira

Zaro tagwayen shafi na tsakiyar kaye. Ƙaramin kaye mai santimita 17 a 22, in ka buɗe tsakiyarsa faɗinsa santimita 34 ne, gida 68, ga 64 ɗinka har da ragowar gefe na rubuta lambobi. A kwance ka jera lambobin murɗawa, a tsaye na ja, gida ɗaya milimita ɗaya. Abu ɗaya ka riƙe: gefen hagu da gefen dama na takardar nan wuri ɗaya ne. Sanda zagayayya ce, lungun da ya fita ta 63 zai shigo ta 0. Na yi kwana biyu ina neman inda wasu lunguna biyu suka nufa, ashe guda ɗaya ne na yanka biyu da bakin takarda. Lokaci-lokaci ka naɗe takardar kamar tabarma, ka haɗa gefe da gefe ka duba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata ka kashe tun yau. Ƙusar ba ta motsi, a kube take. Garin ne ke wucewa ƙarƙashinta. In ka ja sanda dama, ƙusa ta yi hagu a cikin lungu. To wanne za ka zana, tafiyar hannunka ko tafiyar ƙusa? Shawarata ka zana tafiyar hannu, don ita za ka maimaita. Rubuta a saman shafi da manyan baƙaƙe: "kube a hagu, sanda a dama, murɗawa irin ta hannun agogo lamba na ƙaruwa, ja lamba na ƙaruwa." Kada ka sauya hannu, kada ka juya abin. Ranar da ka buɗe, ka juya takardar kai ƙasa za ka ga ta dace da sassaƙar da ke jikin sanda.

Shiga gari

Makaho da ya ƙware ba ya kutsa kai tsakiyar titi, bango yake bi da sandarsa. Haka za ka yi. Daga sifili ka gwada motsi huɗu, ɗaya bayan ɗaya: ja, tura, murɗa gaba, murɗa baya. Duk wanda ya tafi, ka bi shi a hankali har ya tsaya, ka karanta lambobi biyu, ka ɗiga a takarda, ka ja layi da fensir. A inda ka tsaya ka sake gwada huɗun.

Amma wannan kaɗai zai sa ka wuce ƙofofi da yawa ba ka sani ba, don ƙofar lungu na iya kasancewa a tsakiyar hanya, ba a ƙarshenta ba. Saboda haka kowane lungu sau biyu ake binsa. In lungun na murɗawa ne, ka bi shi karo na farko kana ɗan jan sanda kaɗan-kaɗan, yadda ƙusa za ta riƙa gogar bango ɗaya. Inda bangon ya yanke za ka ji sanda ta ɗan zame. Ƙofa ce, rubuta lambarta, kada ka shiga tukuna. Karo na biyu ka bi kana ɗan turawa, don ɗayan bangon. Ƙarfin da ake sawa bai wuce na riƙe ƙwai ba. In ya wuce haka, sanda za ta zarce ta jefa ka inda ba ka shirya ba.

Lambobinka za su riƙa saɓawa da rabin milimita ko ɗaya, kada ya dame ka. Dalili biyu ne. Na farko, ƙusa tana da nata kauri: lungu mai faɗin milimita 3 da ƙusa mai 2, motsin milimita 1 kaɗai za ka ji. Abin da kake zanawa hanyar tsakiyar ƙusa ce, bangon gaskiya yana ɗan gaba da layinka ta kowane gefe. Na biyu, akwai ɗan sako-sako tsakanin sanda da kube. Maganinsa ka riƙa aunawa kana danne da bango, kuma ka sa ƴar kibiya kusa da lambar mai nuna ta wane gefe ka danna.

Ga ƙa'idar da na fi ba muhimmanci a duk wannan jagora, kuma ita ce mutane suka fi karyawa: fensir na zato ne, bik na yaƙini ne. Ba a bin layi da bik sai an je wurin sau uku an sami lamba ɗaya. Hannu maƙaryaci ne, ƙwaƙwalwa ta fi shi. Bayan awa guda kana murɗa za ka rantse ka ji ƙofa a wani wuri, don kawai ranka na son ƙofa ta kasance a wurin. Bangon da ka zana bisa kuskure ya fi wurin da ka bari fari illa, don farin wuri za ka koma ka bincika, bango kuwa ka rufe wa kanka hanya da hannunka. Nawa alamomin su ne layi cikakke ga bango tabbatacce, ɗige-ɗige ga wanda nake zato, kibiya ga hanyar da ake shiga ba a dawowa, ɗan tudu ga inda na ji sanda ta yi nauyi kamar ana hawa, da jan gicciye ga rami. Ƙirƙiri naka in ka so, amma ka rubuta ma'anarsu a gefen shafi.

Ramuka abokanka ne

Wannan "ƙas" da ke ɓata wa ƴan fada rai, ƙusa ce ta faɗo daga hanya mai tudu zuwa wata mai zurfi, wadda ba a hawowa daga cikinta sai an bi ta an koma mafari. Kowa yana jin ƙarar sai ya yi tsaki ya ruga baya. Kuskure ne babba. Da ka ji ta, tsaya cak, kada ka motsa ko kaɗan, karanta lambobi, sa jan gicciye, ka rubuta motsin da kake yi lokacin da ka faɗa. Sannan, tunda ka riga ka faɗa, babu sauran abin tsoro: zagaye ramin nan kaf, ka bi kowane bango nasa, ka zana shi da jan bik.

Me ya sa? Bangon rami shi ne gindin hanyar da kake nema. Sanda ƙarama ce, mai sassaƙa ba shi da filin ɓatarwa. In ka zana ramuka duka, farin da ya rage tsakaninsu shi ne tudun da ƙusa za ta taka. A nawa, akwai wurin da na faɗi fiye da sau ashirin. Da na zana ramin dama da na hagu, sai ga wani siririn fari tsakaninsu, bai fi gida biyu ba, ya ɗan karkata. Gada ce ba ta da bango ko ɗaya, ban taɓa jin ta da hannu ba, kuma ba zan taɓa ji ba. Takarda ce ta nuna mini ita.

Ƙetare irin wannan gada sai an kulle motsi ɗaya. In gadar ta murɗawa ce, ka dafe babban yatsa a fuskar kube ya cije sanda yadda ba za ta shiga ko fita ba, sannan ka murɗa da gwiwar hannu a manne da jiki. Wasu na jera washa ko kwabbai tsakanin kan sanda da kube daidai zurfin da suke so. Akwai masu cewa wannan maguɗi ne. Ni a wajena duk abin da bai fasa ba, bai karce ba, kuma kai ka auno shi da kanka, halak ne. In gadar a karkace take, yanka ta ƙananan matakai a takarda, murɗa ɗaya, ja rabi, murɗa ɗaya, ka bi lambobi kada ka bi zuciya.

Wace ƙofa za a fara shiga

In mararraba ta yi yawa, ana buƙatar tsari. Sananniyar dabarar nan ta dafa bango ɗaya da hannu har a fita tana aiki ne kawai in duk bangayen a haɗe suke. In akwai tsibiri a tsakiya za ka yi ta zagaya shi kamar raƙumin da ke jan dutsen matsar mai. Wadda ta fi ta ita ce ta wani injiniya Bafaranshe, Charles Trémaux, wadda masanin lissafi Édouard Lucas ya bayyana a 1882. Kowane lungu ka shiga, ka sa masa ɗigo a baki. In ka iso sabuwar mararraba, ɗauki kowace ƙofa. In sabon lungu ya kawo ka tsohuwar mararraba, juya ka koma ta inda ka zo. In kana komowa ne, ɗauki ƙofar da ba ta da ɗigo, in babu sai mai ɗigo ɗaya. Mai ɗigo biyu an gama da ita. Dabarar an yi ta ne don lungunan da ake iya komawa baya, ramukanmu kuwa ba sa barin haka, saboda haka na ƙara mata abu ɗaya: kowace ƙofa da na gano ina ba ta harafi, in jera su a bayan shafi, in soke wadda na gama. Kafin in taɓa ƙarfen sai na faɗa wa kaina harafin da zan je. Zuwa ɗaya, tambaya ɗaya.

In taswira ta fara musu da kanta

Wata rana za ka iso inda ka zana ƙofa da bik ka tarar da bango. Kada ka yi saurin cewa aljanu. Fara da zargin kayanka: koma mafari ka duba ko manuni na kan 0. A zafin watan Afrilu danƙon salatif narkewa yake, takardar lambobi ta zame ba ka sani ba. Ni ta ci mini aikin mako guda. In sifili na nan, zargi karatunka, sake aunawa. Sai in duka biyun sun tsira za ka yarda cewa garin ne ya sauya.

Masu wuya daga cikinsu suna da sassa masu motsi: ɗan ƙarfen da ƙusa ke turawa ya toshe wata hanya ya buɗe wata, ko wata ƙusa saki da nauyinta ke sa ta faɗa ko ta koma gwargwadon yadda ka riƙe abin. A nan alamar "sama" ke aiki. Je wurin da ake musu, gwada da alamar a sama, sannan a ƙasa, sannan abin a tsaye, sannan kai ƙasa. Girgiza a kunne ka ji ko wani abu na kaɗawa, kuma ko ya daina kaɗawa a wani wuri. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. In ba riƙo ba ne, to tarihi ne: ta ina ka bi kafin ka iso? Kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, amma kada ka goge tsohuwar taswira. Ɗora takarda mai shara-shara a kanta ka zana abin da ya bambanta kaɗai, ka rubuta a kai, misali, "bayan an taɓa ƙarshen lungun D". Taswira biyu ko uku na gari ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Akwati mai ƙwallo

A nan kunne ne ke aikin da yatsa ke yi. Liƙa wa fuskoki shida lambobi, ka ware shafi ɗaya ga kowane hawa, dukansu da girman gida ɗaya, don ramin da ya sauko daga hawa na biyu ya faɗo a gida ɗaya a shafin hawa na uku. Karkata a hankali gefe ɗaya tak, ka saurari tsawon gangarawa da inda ya buga. Gajeren "tak" gida ɗaya ne, doguwar "rrr" lungu ne, faɗuwa hawa kuwa sautinta ya fi nauyi kuma za ka ji ta a tafin hannu. Bakanike na kara turnabis, abin murɗa kusu, a jikin inji ya sa ƙotar a kunne. Yi haka da fensir a kusurwoyin akwati za ka san inda ƙwallon ya kwanta. In ƙwallon na ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa ne kuma yana kusa da bango, ɗan mayen ƙarfe daga mataccen abin saurare na kunne zai nuna maka gidansa. Don nemo shi kawai, ba don jan sa ba, in ba haka ba me ya rage na wasan? Wasu akwatunan an buga taswirar hawa-hawan a jikinsu. Ko da ita, sai ka bi da ɗan tsinke a kan takarda don ka san inda kake. Wannan aikin dare ne, bayan kabu-kabu sun rage, in kuma da janareto kusa da ku sai ka haƙura.

Hannu, ƙura da lokaci

Ƙarfi ba ya buɗe waɗannan abubuwa, ɓata su yake. Ƙusar ta fi jikin lungu tauri, in ka matsa za ta ci gefen gada, kuma gadar da ta cinye ba ta gyaruwa. Kada filaya ta kusance shi. Kada ka ɗiga masa baƙin mai ko man keken ɗinki. Da hunturu ya shigo, ƙurar da ke sauko mana daga arewa za ta haɗu da man ta zama kamar toka mai goge tukunya, ta kuma kashe ƙananan alamun da yatsa ke ji. Goge abin da ya fito na sanda da busasshen ƙyalle, ka ajiye shi cikin safa a cikin gwangwani mai murfi. In kan sanda na cin yatsunka, naɗa masa ɗan yankin robar cikin tayar keke.

Minti talatin zuwa arba'in ya isa zama ɗaya. Bayan nan yatsu sun mutu, kuskure ya fara. Rubuta kwanan wata, ɗauki hoton taswira da waya, ka tashi. In kuna biyu ya fi: ɗaya na murɗawa ido rufe, ɗaya na karanta lambobi yana zanawa. Da ni da ƙanena haka muka ƙarasa, yana cewa, "Yaya, tsaya, kana 41, jiya a 42 ka faɗa."

In ba ka da irinsa

Ba a cika samun su a kasuwanninmu ba, amma ana yin na gwaji da tiyon famfo na roba guda biyu, ƙarami ya shige cikin babba da ɗan sarari. Abokinka ya yanka kwali mai kauri ya liƙa bangaye a jikin ƙaramin, ba ka gani ba. A huda babban a ɗaura ɗan kusu mai murɗi, tsininsa ya shiga tsakanin bangayen, a rufe. Ba shi da rami, amma zai koya maka sifili, bin bango da haɗa gefen takarda, kuma kana gamawa za ka zare ka gwada zanenka da gaskiya. Kafinta ma zai iya yi maka shimfiɗaɗɗe: allo mai lunguna a ƙasa, murfi mai ƙusa a sama.

Ranar buɗewa

In ka ga alamun ka kusa, kada ka zare a tsaye ko a kan yashi. Shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban faranti mai baki, ka yi aikin a ciki, don ƙusa da sifirin ƙanana ne, suna iya tsalle, kuma in suka faɗa ƙasar tsakar gida sai dai wani ba su ba. Zare a hankali, ɗauki hoton kowane abu a inda ya fito kafin ka taɓa shi. Sannan kawo taswirarka, juya ta kai ƙasa, ka jera da sanda. A tawa na tarar da lunguna biyu da ban taɓa shiga ba, da bango ɗaya da na zana da bik alhali babu shi. Na zagaye su da ja.

Masu wannan wasa ba sa baza taswira, kuma na ga dalilinsu. Da na mayar da shi yadda yake na kai fada, wani abokina ya ce, "Malam, ba ni takardar nan mana in huta." Na zaro masa sabon tagwayen shafi daga tsakiyar kaye, na ɗora masa fensir a kai.